Bakteriyar hanji da ciwon dajin hanta: amsa ga wanda ya rasa yayansa

"Likita, barka da aiki. Bara yayana ya rasu da ciwon dajin hanta yana da shekara 41, wata uku kacal tsakanin kwanciyarsa da rasuwarsa. Bayan an share makoki na je na yi gwaji, aka ce ni ma ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Kwanan nan aka turo min wani bidiyo a WhatsApp, mai maganar yana cewa an gano ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji ne ke kawo dajin hanta, wai duk wanda ya wanke cikinsa ya tsira. Shin gaskiya ne? In riƙa shan Flagyl ne, ko maganin wankin ciki, ko kuwa in dage da shan nono? Wallahi hankalina a tashe yake." Wani mai karatu daga Gusau.

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan yayanka, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya ba ku haƙurin rashi. Ka kyauta wa kanka da ka je gwaji, domin da yawa daga cikin dangin majinyatana tsoro ne ke hana su.

In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko akwai alaƙa ta gaskiya tsakanin bakteriyar hanji da dajin hanta, da kuma ko taɓa waɗannan bakteriya da magani zai kare ka. Na farko, eh, akwai, kuma masana suna aiki a kanta sosai. Na biyu, a'a, ba ta hanyar da mai bidiyon ya faɗa ba. Bakteriyar hanji suna iya rura wutar da ta riga ta kama a hanta, amma a jikinka abin da ke riƙe da ashanar shi ne ƙwayar cutar B, kuma ita muna da maganin da ke danne ta. Bari in warware maka zancen daga tushe.

Me ya haɗa hanji da hanta

Duk wanda ya taɓa tsayawa ana feɗe ragon layya ya ga siraran jijiyoyin jini da suka bazu cikin kitsen da ke riƙe da hanji. Waɗannan jijiyoyin suna haɗewa su zama babbar jijiya guda, ita kuma ba zuciya take nufa kai tsaye ba, hanta take shiga. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da hanta ke karɓa ta wannan hanya yake zuwa. Ke nan duk abin da ya ratsa bangon hanji, abinci ne ko magani ko guba, sai ya fara tsayawa a hanta an tantance shi kafin ya wuce sauran jiki.

A cikin hanjin kuma, musamman babban hanji, akwai bakteriya da aka ƙiyasta yawansu ya kai tiriliyan 38 a jikin baligi, nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba. Mafi yawansu ba masu cutarwa ba ne. Su ke narka dusar hatsi da zaren ganyen da cikinmu ba ya iya narkawa, su fitar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji, su tare wa miyagun ƙwayoyi wurin zama, kuma tun daga haihuwa su ne malaman farko na garkuwar jiki. Tsakaninsu da jini akwai bango mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, da majina a shafe a kansa. Ɗan abin da ya zille ta bangon nan, hanta tana da masu gadi da ke haɗiye shi, waɗanda ake kira ƙwayoyin Kupffer, da sunan Bajamushen da ya fara bayyana su a 1876.

Akwai wani hali na hanta da ya kamata ka riƙe. Da yake kullum tana ganin baƙin abubuwa daga hanji, an halitta mata haƙuri. Da za ta tayar da yaƙi a kan kowace loma, da mun ƙare. Wannan haƙurin ne ƙwayar cutar B take fakewa da shi ta zauna shekaru, kuma shi ne ƙwayoyin daji suke fakewa da shi daga baya.

Saƙo ba ta gefe ɗaya yake tafiya ba. Hanta tana sarrafa ruwan matsarmama, wannan koren ruwa mai ɗaci da mahauci ke kaffa-kaffa kada ya fashe a nama, ta tura shi hanji don narka maiƙo. Kusan kashi 95 cikin 100 na sinadarin da ke cikinsa hanji yana sake tsotse shi ya mayar wa hanta. Ragowar da ta gangara babban hanji, wasu bakteriya suna sauya mata kama, ita ma wani sashe nata ya koma hanta a sabuwar siffa. A nan ne babban labarin yake.

Abin da aka gani a jikin ɓeraye

A 2012 masu bincike a Jami'ar Kolambiya da ke Amurka suka ɗauki ɓerayen da aka raunata musu hanta da sinadari mai jawo daji. Waɗanda aka share musu bakteriyar hanji da magani, da waɗanda aka raina ba bakteriya a cikinsu ko kaɗan, ƙarin dajin da ya fito musu bai kai na sauran ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan aiki shi ne bakteriyar ba su ne suka fara dajin ba, girmansa suka taimaka wa. Wani ɓangare na ɓawon bakteriya ne ke isa hanta ya yi ta tsokanar garkuwar jiki, kumburi ya ƙi lafawa, ƙwayoyin hanta su yi ta mutuwa suna sake tofowa, wadda ta riga ta lalace kuma ta sami damar yaɗo.

Shekara ɗaya bayan haka, a 2013, wasu a Japan suka nuna yadda ƙiba ke shiga lamarin. Ɓerayen da aka ƙosar da abinci mai maiƙo, bakteriyar da ke sauya ruwan matsarmama sun yawaita a cikinsu, sinadarin da suke fitarwa ya taru a jini, ya tsufar da wasu ƙwayoyin hanta har suka riƙa feso abubuwan da ke haddasa kumburi, daji ya biyo baya.

Wanda nake zaton mai bidiyonka ya ji labarinsa shi ne na 2018, daga Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Ƙasar Amurka. A hanta akwai wasu sojojin garkuwar jiki da ake kira NKT, masu saurin far wa ƙwayoyin daji. Masu binciken suka gano cewa ruwan matsarmama na asali, kamar yadda hanta ta yi shi, yana sa bangon ƙananan jijiyoyin hanta ya fitar da wani sinadari mai kiran waɗannan sojoji su taru. Wanda bakteriya suka sauya kuwa yana rage kiran. Da aka ba ɓerayen maganin da ya kashe bakteriyar da ke sauyawar, 'yan dangin Kulostiridiyam, sai sojojin suka ƙaru a hanta, ƙarin dajin ya ragu. Da aka mayar musu da bakteriyar, sojojin suka sake raguwa. Aiki ne mai kyau ƙwarai, don ya nuna sarƙar tun daga hanji har zuwa garkuwar hanta, ƙulli bayan ƙulli.

Akwai kuma wani daga Taiwan a 2015 da ya shafe ka kai tsaye. Mun daɗe da sanin cewa jaririn da ya kamu da cutar B, kusan tara cikin goma tana zame masa ta dindindin, alhali babba in ya kamu, fiye da kashi 95 cikin 100 jikinsa yana kore ta da kansa. A wannan gwaji manyan ɓeraye sun kore cutar cikin makonni shida, ƙanana suka kasa. Da aka hana bakteriyar hanji kafuwa da magani, har manyan ma suka kasa. Ka lura da kyau: a nan share bakteriya cutarwa ya yi.

A jikin mutum fa?

Ɓeran gwaji a keji yake, abincinsa iri ɗaya, danginsa duk kamarsu ɗaya, kuma dajinsa da gangan aka jawo shi cikin 'yan watanni. Na mutum yana ɗaukar shekara ashirin ko talatin yana ginuwa. Abin da aka tabbatar a mutane shi ne, in hanta ta daɗe da ciwo har ta cika da tabo ta taurare, bakteriyar hanji suna canzawa. Wani bincike a Sin a 2014 ya tarar da bakteriyar da asalinsu na baki ne sun yi sansani a hanjin irin waɗannan majinyata. Jini kuma yana cunkushewa a babbar jijiyar nan, bangon hanji ya kumbura ya fara yoyo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma a mutum, sau da yawa ciwon hantar ne ya tsaga bangon tun farko, sannan abin da ya shigo ya ƙara wa hantar azaba, suka yi ta juya juna. Har yau babu wani babban gwaji a kan mutane da ya nuna cewa sauya bakteriyar hanji yana hana dajin hanta.

Ni dai a ɗakin majinyata nake ganin ƙarfin wannan alaƙa, ta wata fuska dabam. Akan kawo mana mutum mai taurarriyar hanta, ya rikice, yana barci da rana yana sambatu da dare, hannuwansa na karkarwa, wani lokaci dangi sun fara zargin iska. Abin da ya faru shi ne gubar da bakteriyar hanji ke fitarwa ta tsallake hantar da ta gaza, ta hau ƙwaƙwalwa. Mukan ba shi wani ruwan magani mai zaƙi, laktulos, ya yi ta bahaya sau biyu sau uku a yini, wani lokaci mu ƙara da ƙwayar rifaksimin wadda a hanji kaɗai take aiki. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ka ga ya buɗe ido ya kira matarsa da sunanta. Duk yawan ganin da na yi wa wannan, bai daina taɓa zuciyata ba. To amma wannan magani ne na rikicewa ga wanda hantarsa ta riga ta gaza, likita ke auna shi, kuma ba a ba shi don hana daji.

Kada a bar jaki a daki taiki

A 2020 sama da mutum dubu 900 aka gano suna da dajin hanta a duniya, sama da dubu 830 suka rasu. A Turai yawanci cutar tsofaffi ce. A yankinmu na Afirka ta Yamma tana ɗauke mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, ɗan shekara talatin da wani abu ko arba'in da ɗoriya, kamar yayanka. Dalili kuwa sananne ne. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da cutar B, kuma akasari tun suna ƙanana suka samu, daga uwa wajen haihuwa, ko daga sauran yaran gida, ko ta askar da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga da ita. Ƙwayar tana iya cusa kanta cikin ƙwayoyin gadon hanta, shi ya sa take iya kawo daji tun kafin hantar ta taurare.

Abokin tafiyarta shi ne aflatoksin, gubar da wata fumfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara in an adana su da laima. An gano ta ne bayan talotalo sama da dubu 100 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa musu da gyaɗa. Dafuwa da suya ba sa kashe ta. Wani bincike da aka bi dubban maza a Shanghai ya nuna wanda ya haɗa cutar B da wannan guba haɗarinsa ya ninka na wanda ba shi da ko ɗaya kusan sau 60. Ga mai cin ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da tuwon masara, wannan ya fi zancen Kulostiridiyam kusa da kwanonsa nesa ba kusa ba. Kuma ana iya rage ta da abin da ke hannu. A ƙauyukan Gini, a wani gwaji da aka wallafa a 2005, manoman da aka koya wa tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa, shanya a kan tabarma har ta bushe ƙayau, da ɗora buhu a kan katako maimakon ƙasa, gubar da aka auna a jininsu ba ta kai rabin ta maƙwabtansu ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ma ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don ya rage fumfunar mai guba.

Barasa da kitsen hanta su ne na gaba, kuma su ma suna da alaƙa da lalacewar bangon hanji. In mutum yana da cutar B, ko kurɓi ɗaya na barasa ban yarda masa ba.

Flagyl, wankin ciki da nono

Kada ka sha Flagyl ko wani kafso mai kashe bakteriya da sunan rigakafi. Hanta ce ke sarrafa Flagyl, kuma daɗewa ana shan sa yana taɓa jijiyoyin ƙafa da hannu, mutum ya riƙa jin dindiris. Irin waɗannan magunguna ba sa zaɓe, suna tafiya da bakteriya masu amfani, su bar wa masu taurin kai fili, ranar da kake buƙatar maganin da gaske kuma ya ƙi ci. A 2018 masu bincike a Faransa sun lura cewa masu dajin huhu da na ƙoda da suka sha irin waɗannan magunguna dab da fara sabon maganin daji mai zaburar da garkuwar jiki ba su amfana da shi kamar sauran ba. A dajin hanta sakamakon bai zo iri ɗaya ba, amma ya isa ya nuna maka cewa share hanji ba abu ne da ake yi da ka ba.

Wankin ciki kuwa ba ya raba mutum da bakteriya, gudawa kawai yake sa shi, bayan 'yan kwanaki su dawo. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a jarka da sunan maganin dattin ciki ko na shawara, ba a san abin da ke ciki ba balle adadinsa. Na karɓi matasa masu cutar B da hantarsu ke zaune lafiya, suka yi makonni suna shan irin wannan, aka kawo su idanu sun yi ɗorawa shar. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Ban raina maganin gargajiya ba, amma hantar da ke fama da cutar B ba ta da rarar ƙarfin da za a yi gwaji da ita.

Nono da kindirmo abinci ne mai kyau, ka sha abinka, in dai an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Akwai ma wani ƙaramin gwaji a kudancin Sin a 2006 inda wasu nau'o'in bakteriya masu amfani suka rage alamar aflatoksin a fitsarin samari, saboda suna kama gubar a hanji. Nau'o'i ne da aka zaɓa musamman, kuma alama aka auna, ba daji ba. Saboda haka kada ka zuba kuɗinka a kan ƙwayoyin bakteriya masu tsada da ake tallatawa. Garin zaren abinci da aka tace aka zuba a gwangwani ma ba kullum yake alheri ba: a 2018 a Amurka an ba wasu ɓeraye masu rikitacciyar bakteriyar hanji irin wannan gari, ya jawo musu dajin hanta. Dashen bahayar mai lafiya a hanjin majinyaci kuma, wanda ake gwadawa a ƙasashen waje, a 2019 ya sa wa mutum biyu muguwar ƙwaya a Amurka, ɗaya ya rasu.

Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne abincinmu na gado. A 2010 an kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Fulorens na Italiya. Na ƙauyen sun fi yawan nau'o'in bakteriya, sun kuma fi yawan sinadaran da ke ciyar da bangon hanji. Tuwon dawa da miyar kuka, ɗanwake, kwaɗon zogale, fura, wake da alayyahu, waɗannan su ne hanji ke so. Rage lemon kwalba da yawan soye-soye, ka kula da tumbi.

Abin da zan so ka yi

Ban duba ka ba, ban ga takardun gwajinka ba, don haka ba zan iya ce maka ka fara magani ko kada ka fara ba. Amma ka nemi likitan hanta a asibitin koyarwa ko babban asibiti mafi kusa da kai, ka gaya masa a fili cewa yayanka uwa ɗaya uba ɗaya ya rasu da dajin hanta, in haka kuke. Wannan bayani yana da nauyi wajen yanke shawara. Za a auna lafiyar hantar a jini, a auna yawan ƙwayar cutar, a duba ko tabo ya fara, a kuma gwada cutar hanta nau'in C da cuta mai karya garkuwar jiki kafin a ɗora ka a kan komai. In ka cancanta, maganin ƙwaya ɗaya ce a rana, tenofobir ko entekabir. Ba ya fitar da cutar gaba ɗaya, amma yana danne ta, yana rage haɗarin daji sosai. In ka fara kada ka tsaya da kanka, domin tsayawa farat ɗaya yana iya sa cutar ta taso da ƙarfi.

Ko kana shan magani ko ba ka sha, ka riƙa yin hoton hanta duk wata shida, tare da gwajin jinin da ake kira AFP in da hali. Dajin hanta ba ya ciwo yana ƙarami, kuma a lokacin ne ake iya yanke shi ko a ƙone shi. Na san kuɗin gwaje-gwajen nan yana da nauyi a aljihu. In dole sai an zaɓa, kuɗin da za a kai wa mai wankin ciki a kai shi wajen hoton.

Sannan ka tara gidanku: mahaifiyarku in tana raye, ƙannenka, matarka, matar marigayi da 'ya'yansa, kowa a gwada shi, wanda ba ya ɗauke da ita a yi masa allurar rigakafi guda uku. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan allura a 1984, kuma dajin hanta ya ragu a cikin yaran da aka yi wa. A Najeriya tana cikin rigakafin yara na kyauta tun 2004. In matarka ko wata a danginku tana da juna biyu, a gwada ta a wajen awo, kuma a tabbata jaririn ya sami allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu, kada a jira sai bayan suna.